Sharhi kan Dandalin EQUIP: Abin da Yake Nuna wa Mai Duba Aikin Masu Ba da Shawara, da Abin da Ya Bar Masa

EQUIP dandali ne na intanet wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka ƙaddamar a shekarar 2022, domin masu horarwa da masu duba aikin waɗanda ke zama da mutanen da damuwa ta yi wa katutu. Ba a biyan ko kwabo kafin a yi rajista, kuma ba don mai neman taimako aka yi shi ba, an yi shi ne don mutumin da ke tsaye a bayan ma'aikaci, wanda nauyin tabbatar da ingancin abin da ake faɗa wa jama'a a ɗakin shawara ya rataya a wuyansa. Ina amfani da shi wajen duba aikin masu ba da shawara a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki a arewa maso gabashin Najeriya, kuma ra'ayina a kansa shi ne, a cikin kayan aikin da suka zo hannuna babu wanda ya kai shi buɗe wa mai duba aiki ido, sai dai ba ya ɗauke masa ko da rabin nauyin da ke kansa, kuma wanda ya ɗauka zai ɗauke masa ya kama hanyar cutar da ma'aikatansa.

Kafin a fahimci amfaninsa sai an dubi yadda aikin yake a wurinmu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane ne da asibitoci na musamman irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta gyara abubuwa da dama a rubuce, amma doka ba ta haifar da ƙwararru dare ɗaya. Saboda haka wanda ke zama da matar da ta rasa mijinta a rikici, ko saurayin da ya daina barci tun da aka ƙone ƙauyensu, galibi ma'aikaciyar jinya ce, ko malamin makaranta, ko ɗan sa kai da aka ba horo na 'yan kwanaki a kan wani tsarin ba da shawara ga masu damuwa irin PM+, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, mai zama biyar na minti 90 kowanne. Irin waɗannan ma'aikata suna iya aikin sosai, an kuma ga shaidar haka a gwaje-gwajen da aka yi a Fakistan da Kenya, amma da sharaɗin akwai mai duba su a kai a kai.

A nan gizo ke saƙar. Duba aiki kamar yadda aka saba shi ne a taru a ƙarshen mako, kowane ma'aikaci ya ba da labarin waɗanda ya gani, mai duba aiki ya saurara ya ba da shawara. Abin da yake ji shi ne abin da ma'aikacin ya tuna, kuma ya ga ya dace ya faɗa. Ma'aikaciya za ta ce, da zuciya ɗaya, “Na saurare ta sosai, na kwantar mata da hankali,” alhali a cikin ɗakin ita ta cinye kusan dukan lokacin da nasiha. Ba ƙarya ta yi ba, haka ta ga abin. Mai duba aiki kuwa ba shi da damar shiga kowane zama, domin shigarsa tana taɓa sirrin mai neman taimako, kuma ɗaukar murya a waya abu ne da mutanen da suka sha wuya ba sa sakin jiki da shi, suna kuma da hujjarsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma dukan hikimar EQUIP ita ce samar wa mai duba aiki hanyar gani ba tare da ya kutsa cikin sirrin kowa ba.

Ƙashin bayan dandalin wani ma'auni ne da ake kira ENACT, wanda Brandon Kohrt da abokan aikinsa suka fara tsarawa a ƙasar Nepal, aka wallafa shi a 2015, daga baya aka gyara shi aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya da Yuganda da Zambiya da Labanan da Peru. Sigar da ke kan dandalin tana auna abubuwa 15 waɗanda duk mai taimakon wani yake bukata, ko da wane tsari yake aiki: yadda yake saurare da jikinsa da bakinsa, yadda yake bayyana iyakar sirri, yadda yake jawo mutum ya faɗi abin da ke ransa, yadda yake tambaya a kan cutar da kai ko cutarwa daga wasu, yadda yake shigo da iyali cikin lamarin, yadda yake ba da fata ba tare da alkawarin da ba zai cika ba, da sauransu. Akwai kuma WeACT don masu aiki da yara, da GroupACT don masu jagorantar zaman rukuni, da ma'aunai na musamman don tsare-tsare irin PM+ da kuma shirin taimaka wa mata masu ciki da masu jego da aka fara gwadawa a Fakistan.

Kowane abu daga cikin 15 ɗin yana da matakai huɗu. Mataki na ɗaya shi ne halin da ba ya taimako ko yake iya cutarwa, na biyu shi ne ma'aikaci bai cutar ba amma bai cika abubuwan asali ba, na uku ya cika su duka, na huɗu kuwa ya cika su ya kuma ƙara da ƙwarewa ta gaba. Ƙa'idar da ta fi burge ni a tsarin ita ce, duk wanda ya nuna hali guda mai cutarwa a ƙarƙashin wani abu, to a mataki na ɗaya yake a wannan abun, komai yawan alherin da ya haɗa da shi. Da farko wasu ma'aikata suna ganin wannan tsanani ne, amma ni ina ganin daidai ne ƙwarai, domin mutumin da aka kunyata sau ɗaya a kan abin da ya faɗa ba ya lissafa kyawawan kalmomi goma da suka biyo baya, rufe bakinsa yake yi, wani lokaci ma ba ya dawowa.

Hanyar aunawar kwaikwayo ce. Ana samun wani da aka horar ya zauna a matsayin mai neman taimako, da labarin da aka shirya masa da wasu jimloli da dole ya furta a wurare daban-daban, ma'aikacin ya zauna da shi na ɗan gajeren lokaci kamar zaman gaske, mai duba aiki yana gefe yana sanya alama a kan halayen da ya gani da idonsa. Ba a tambayar mai duba aikin ko ma'aikacin “ya nuna tausayi” a dunƙule, ana tambayarsa ne ko ya ga abu kaza da abu kaza, kuma wannan rarrabewa ita ce ke rage son zuciya, domin mai duba aiki ma ɗan Adam ne, yana da waɗanda jininsu ya haɗu da nasa.

Zan tsaya a kan abu na bakwai, wato tambaya a kan cutar da kai, saboda a nan na ga amfanin dandalin fiye da ko'ina. Akwai wata ma'aikaciya a cikin waɗanda nake dubawa, mace mai haƙuri da sanin ya kamata, wadda mata a sansani suke neman ta da suna. A zaman kwaikwayo, wadda ke matsayin mai neman taimako ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce a hankali, “Malama, wani lokacin in na kwanta sai in ji da ma kada gari ya waye da ni.” Nan take ma'aikaciyar ta dafa gwiwarta ta ce, “Subhanallahi! Haba Inna, kada ki ƙara faɗin haka, ai wannan ba maganar mai imani ba ce. Ki yi haƙuri, ki dubi 'ya'yanki.” Sannan ta juya zancen zuwa batun abinci da barci. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san daga ƙauna wannan amsa ta fito, kuma haka akasarinmu za mu amsa wa uwa ko 'yar uwa. Amma a ma'aunin mataki na ɗaya ce, domin an yi wa matar wa'azi, an nuna mata ta yi abin kunya, kuma ba a tambaye ta ko ta taɓa tunanin yadda za ta yi ba, ko akwai wani abu a ɗakinta da take nufin amfani da shi, ko ta taɓa gwadawa a baya, ko wa take iya gaya wa in tunanin ya zo mata da dare. Da a taron ƙarshen mako ne, abin da zan ji shi ne “na kwantar mata da hankali,” in kuma yaba.

Wannan tsoro yana da tushe da ya kamata mai duba aiki ya girmama. Addini ya haramta kashe kai, dokar hukunta laifuka da ake aiki da ita a Arewa ta daɗe tana ɗaukar yunƙurinsa a matsayin laifi, kuma mutane da yawa sun yi imani cewa tambayar mutum kai tsaye tana dasa masa tunanin, alhali binciken masana bai nuna haka ba. Saboda haka ba maki na miƙa wa ma'aikaciyar ba. Na fara da abin da ta yi daidai, wato yadda ta zauna da yadda ta bar matar ta yi magana ba katsewa har zuwa wannan gaɓa, sannan na ce mata, “Malama, lokacin da ta faɗi maganar wayewar gari, me ya zo miki a rai?” Ta ce gabanta ne ya faɗi, ta ji in ta bi zancen kamar ta yarda da shi ne. Daga nan muka sake zaman, a kan wannan gaɓa kaɗai, har ta sami kalmomin da bakinta zai iya ɗauka: “Inna, na gode da kika amince kika gaya mini, mutane da yawa da suka ga irin abin da kika gani suna jin haka. Ina so in tambaye ki dalla-dalla don in san yadda zan taimaka.” Ba a cire Allah daga zancen ba, an dai jinkirta ambatonsa zuwa inda zai zama abin dogaro ga matar, bayan an ji ta. Dandalin yana da darussa a kan yadda ake mayar wa ma'aikaci bayani ta wannan hanya, kuma ina ba duk mai shirin amfani da shi shawara ya fara da su kafin ya auna kowa.

Wani amfani da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda dandalin ke tattara sakamakon rukuni gaba ɗaya ya nuna shi a zane. Idan mai duba aiki ya ga kusan kowa yana mataki na uku a sauraro amma mafi yawa suna ƙasa a bayanin sirri, ya san matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta horon da aka ba su ce, sai ya mayar da lokacin bita can maimakon maimaita abin da kowa ya riga ya iya. A wurinmu abin da ya fito fili shi ne ma'aikata suna cewa “duk abin da kika faɗa sirri ne” su tsaya nan, ba sa bayyana cewa akwai yanayin da dole a nemi taimakon wani, kamar idan rai yana cikin haɗari. Alkawari ne mai daɗin ji, amma ranar da aka karya shi amana ta tafi ke nan.

Ma'aunin ba ya aiki yadda aka same shi sai an daidaita shi da wurin, kuma masu shi ma haka suka tanada. Batun haɗa ido misali ne: budurwa ma'aikaciya da ta kafa wa dattijo ido tana ganin ta nuna kulawa, a wurinsa rashin kunya ta yi, don haka dole masu aunawa su zauna su amince a kan abin da sauraro da ladabi yake nufi tsakanin mace da namiji, da tsakanin yaro da babba. Haka batun iyali. A garuruwanmu mace ba ta cika zuwa zama biyar a jere ba tare da sanin mijinta ko surukarta ba, saboda haka abin tambaya ba shi ne ko za a shigo da iyali ba, abin tambaya shi ne wa za a shigo da shi, me za a gaya masa, kuma da izinin wa. Na ga ma'aikacin da ya ɗauka kyautatawa ce ya tare mijin mace a hanya ya ba shi labarin abin da ta faɗa don “a sasanta”, kuma ma'aunin ya ba ni hujja a rubuce ta nuna masa cewa wannan cutarwa ce, ba ra'ayina ba ne kawai. Wannan aikin daidaitawa yana cin lokaci, yana kuma bukatar mutanen da suka san harshen da al'adar, Hausa ce ko Kanuri ko Fulatanci, kuma ƙungiyar da ta tsallake shi za ta sami lambobi masu kyan gani waɗanda ba su auna komai ba.

Iyakarsa ta farko ita ce kwaikwayo ba gaske ba ne. Akwai ma'aikatan da ke rikicewa idan ana kallonsu, alhali a tabarma tare da mai neman taimako ba su da na biyu, akwai kuma masu saurin haddace abin da ake so a ji, su zuba shi tsaf a gaban mai aunawa su koma halinsu a waje. Ingancin sakamakon ya dogara kuma da mai kwaikwayon, domin wanda ya cika sauƙi yana ɗaga makin kowa, wanda ya cika wasa yana mayar da abin dariya. Masu aunawa biyu ma sukan saɓa a kan zama ɗaya idan ba su yi atisaye tare ba. Duk waɗannan ana iya rage su da horo da maimaitawa, amma ba sa gushewa gaba ɗaya, shi ya sa ban taɓa yanke hukunci a kan ma'aikaci daga zama ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da lambobi ke yi a hannun wanda bai san aikin ba. Na san wata ƙungiya da shugaban shirinta ya nemi a ba shi makin kowane ma'aikaci da sunansa don ya san wanda za a sabunta wa kwantiragi. Ranar da ma'aikata suka gane cewa zaman kwaikwayo yana iya raba su da abincinsu, ranar ce za su daina nuna rauninsu, kuma duba aikin da ma'aikaci ke ɓoye rauninsa a cikinsa ya tashi daga aiki. Mudu yana auna hatsi ne, ba ya noma shi, kuma ma'aunin EQUIP haka yake: yana nuna inda ma'aikaci ya tsaya yau, amma ɗaga shi zuwa mataki na gaba aikin mutum ne mai haƙuri da ya yarda zai zauna da shi. Ni dai sharaɗina kafin in fara amfani da shi a kowane wuri shi ne a amince a rubuce cewa sakamakon mutum ɗaya tsakaninsa ne da mai duba aikinsa, ofis kuwa sakamakon rukuni kawai zai gani, sai fa idan an ga cutarwar da aka yi ta gyarawa ta ƙi gyaruwa.

Sannan akwai ɓangaren duba aiki da ma'auni ba zai taɓa kaiwa gare shi ba, wato ɗaukar nauyin ma'aikacin kansa. Da yawa daga cikin waɗanda nake dubawa su ma rikicin ya raba su da gidajensu, kuma labarin da suke saurara da safe yakan zama irin nasu ne. Ma'aikacin da ya fara gajarta zama, ko ya fara jin haushin masu zuwa wurinsa, ko ya daina barci, yana iya samun mataki na uku a komai ranar aunawa, kuma babu alamar da za ta nuna cewa yana dab da karyewa. Wannan sai a zaman da aka keɓe, inda tambayar farko ita ce “Yaya kake, yaya gida?” kuma ana jiran amsar da gaske. Ƙungiyar masu ba da shawara ta Birtaniya, BACP, ta wajabta wa mambobinta da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na zama da mai duba aiki kowane wata, duk ƙwarewarsu, saboda an fahimci cewa mai ɗaukar damuwar wasu yana bukatar inda zai sauke. Wanda ke neman jagora a wannan ɓangare zai amfana da tsarin duba aiki da cibiyar tallafin zamantakewa ta ƙungiyar Red Cross ta duniya ta shirya tare da jami'ar Trinity da ke Dublin, wanda ya sanya tallafa wa zuciyar ma'aikaci a sahu ɗaya da gina ƙwarewarsa da tabbatar da ingancin aikinsa. A ganina su biyun tare ya kamata a riƙe, ɗaya yana cike giɓin ɗaya.

Game da sauƙin amfani, shafin ba shi da wuyar sha'ani ga wanda ya saba da waya ko kwamfuta, kuma ana iya sauke ma'aunan a buga su a takarda, wanda shi ne abin da muke yi a wuraren da sabis ke yankewa, daga baya a shigar da sakamakon. Kuɗin da ba a gani shi ne na lokaci. Ana bukatar horar da mai kwaikwayo, da ɗaki mai sirri, da lokacin da za a cire ma'aikaci daga layin masu jiransa, da kuma lokacin mayar masa da bayani, wanda a wurina ya fi aunawar kanta tsawo. Mai duba aikin da ke da mutum goma a ƙarƙashinsa ba zai iya auna abubuwa 15 a kan kowa kowane wata ba, kuma ba sai ya yi ba. Abin da ya fi mini amfani shi ne a auna duka a farkon aiki, sannan a zaɓi biyu ko uku da suka fi rauni a riƙa bin su da gajeren kwaikwayo a cikin taron da aka saba yi.

Ina ba da shawarar dandalin ga ƙungiyoyin agaji, da makarantun horar da ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma, da sassan kula da walwalar jama'a na asibitoci, matuƙar suna da mutum guda aƙalla da aka ware wa lokaci don duba aiki, ba wanda aka ɗora masa shi a kan wasu ayyuka biyar ba. Wurin da ba shi da irin wannan mutum ya fara nemo shi tukuna, ya kuma tanadi lambar likita ko asibitin da za a tura mai neman taimako idan tambayar cutar da kai ta fito da amsar da ta fi ƙarfin ma'aikaci, domin da zarar an koya wa ma'aikata yin wannan tambaya za su fara samun amsoshi, kuma dole a san inda za a kai su.